Fuskar Safi a Ƙarƙashin Faifai

Damina ta yi rowa, gero ya bushe a tsaye tun bai kai gwiwa ba, bayan ƴan watanni kuma rediyo ya ce sojoji sun sake karɓar mulki a Yamai. Mutane suka yi ta maganar sojoji da tsadar hatsi. Barira kuwa ba wannan ne ya hana ta sakat ba. Fuskar ɗiyarta ce ta fara guje mata.

Barira Bafulatana ce ta wajen Issawane, ta ba hamsin baya, idonta na dama ya fara yana. Safi ita ce ɗiyarta ta fari. Shekara shida ta yi a duniya, ƙyanda ta ɗauke ta a babbar yunwar nan, shekara ashirin da shida da suka wuce, a sansanin da wasu sojojin na wancan lokacin ke rabon dawa a bayan garin Mayahi. Barira ta haifi wasu bayanta, wasu sun tsaya, wasu sun bi yayarsu. Ba mai yawan kuka ba ce, ba ta kuma ba kowa labari. Amma abu guda ta riƙe. Duk sa'ad da ta zauna da hantsi ta rungumi gorar kaɗa nono, ta kama kaɗawa, nonon na bugun cikin gorar, sai Safi ta zo. Ba duka take zuwa ba. Gefen fuska ne kawai, yarinya ta ɗago daga bakin ludayi da farin nono a leɓenta, ta waiwayo. Kafin mai ya taru ta tafi. Da wannan ɗan abin Barira ta rayu shekara ashirin da shida, kuma ya ishe ta.

To bana shanu sun ƙare. Biyu suka rage, su ma ƙashi ne da fata, ko ɗigo ba sa bayarwa. Wata uku ba ta kaɗa nono ba. Ran nan ta rufe ido ta kira Safi, sai ludayin ya zo, hannun ya zo, fuskar ta ƙi. Tsoro ta ji irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka rufe yarinyar.

Akwai hoto, in za a kira shi hoto. A sansanin, sojoji sun zo da wani mai hoto, Abdurrahamane, don ya ɗauki layin masu karɓar dawa a nuna wa manya ana aiki. Ya ɗauki Barira da Safi a cikin layin da tsakar rana. Bayan sati biyar ya dawo, ya tarar an rufe yarinyar. Bawan Allah, ya ce iyakar ƙasa a rufe take, takardar wanke hoto mai launi ta yanke masa, amma ya sa almakashi ya datse mata guntun fim ɗin da suke ciki, ɗan abu ja-ja kamar ɓawon albasa. Nagatif, haka ya ce sunansa. Ya ce ta adana, wata rana a fitar mata. Ta ɗinka masa ƴar jakar fata kamar laya, ta rataya a wuya. Sau ɗaya ta taɓa kai shi wajen masu hoto a Mayahi, suka ba ta takarda, ga ta nan ita Barira tar, wajen yarinyar kuwa baƙi ƙirin. Ta yar da takardar a hanya.

Yanzu ɗanta Gajere ya ɗaura musu kaya a amalanken jaki, za su gangara wajen Korgom ko shanun biyu za su samu abin lasa. A hanya wani dillalin awaki ya ce mata akwai wani Cha'ibu a Tasawa, yana da inji mai zaƙulo abin da ke cikin duhun hoto. Gajere ya yi tsaki. Ya ce, "Inna, shanu na mutuwa kina zancen hoto?" Ta ce ko ya tsaya ko ya tafi ya bar ta. Ya ce to, zuwa la'asar, in ta wuce haka jakin ba zai kai su rijiya ta gaba ba.

Shagon Cha'ibu ɗan ɗaki ne a bayan tasha, an lulluɓe bangonsa da hotunan aure da na takardun lakkwal, wato makaranta. Shi kansa dogo ne mai gilashi, mai yawan magana da injinansa kamar suna jinsa. Ya ga tsohuwa ta tsaya a ƙofa da ƙura har gwiwa, ya janyo mata kujera.

"Sannu da zuwa, Inna. Mi ke tafe da ke?"

Ta ciro jakar daga wuyanta, ta sa haƙori ta warware ɗinkin, ta miƙa masa. Ya karɓa da gefen yatsu biyu, ya kai hanci, ya ɗago ya dube ta.

"Inna, mi kika shafa wa wanga abu?"

"Man shanu mana. Kowace sallah nake shafe jakar, shi ma in ɗan goga masa. Kada ya tsage."

"Innalillahi!" Cha'ibu ya dafe kai. "Fim ne fa, ba igiyar guga ba!"

Kai, Cha'ibu, ai ka yi a hankali. Matar da duk abin da take so ya daɗe, ƙwarya ko salka ko gashin ɗiya, da mai take kiyaye shi, me kake so ta shafa? Shi ma ya gane ya yi saurin baki. Ya sassauta murya ya ce ba komai, za a gwada. Ya ɗiga alkol, ruwan goge-goge mai saurin bushewa, a ɗan ƙyalle ya goge bayan fim ɗin a hankali. Cikin kam bai taɓa ba, ya ce nan ne hoton yake kwance, in ya goga zai taso. Man ya riga ya shiga, funfuna ta yi masa ƴan tabo. Ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa ya daɗe yana kallo.

Ya kwantar da fim ɗin cikin wani faffaɗan inji da ya kira sikaner, ya rufe murfi. Injin ya yi gurnani, wani siririn haske ya rarrafa a ciki. Sai ga hoto ya hau gilashin ordinatar, wato kwamfuta, ja-ja, mutane da fararen fuskoki kamar fatalwa. Cha'ibu ya taɓa wani wuri, launin ya juye.

Ga rana nan, ga yashi, ga buhunan dawa, ga takalmin soja guda a gefe. Ga wata mace doguwa da kitso har kafaɗa da ƴan kunne shida a kunne ɗaya, tana hararar mai hoto.

"Ke ce wannan, Inna? Kai, kin yi zamani!"

"Ba ita na zo gani ba. Sauka ƙasa."

Ya sauka. Ga ƙafafu biyu sirara. Ga ƴar riga rawaya, ga tasa a hannu. Barira ta miƙe daga kujerar ba ta sani ba, ta tuna rigar, da hannunta ta yanke ta daga tsohon zanenta. Daga wuya zuwa sama kuwa duhu ne. A saman duhun ga hannun doguwar matar nan, riƙe da faifai, ta kare kan yarinyar daga rana.

Ta manta da faifan. Wallahi ta manta. Ranar jikin Safi ya fara zafi, rana kuma na dukan ƙwaƙwalwa, sai ta cire faifan daga bakin ƙwarya ta yi mata inuwa. Tun hantsi har aka zo kansu hannun bai sauka ba.

"Fim haske yake ci, Inna," in ji Cha'ibu. "Inda haske ya faɗa, ya kama. Mai hoton ya auna injinsa da hasken rana, wajen fuskarta kuwa inuwa ce. Kaɗan ƙwarai ya shiga."

"Ni na tare shi."

"Ba haka nake nufi ba."

"Na ji abin da kake nufi. Zaƙulo ta."

Ya kama ɗan abin da yake turawa a kan tebur, ya ja wani layi a gilashin zuwa dama. Hoton ya yi haske, rana ta cinye doguwar matar, yashi ya koma fari fat. Duhun ƙarƙashin faifan ya buɗe. Barira ta matso har numfashinta na taɓa gilashin. Amma ba fuska ta gani ba. Ɗige-ɗige ne, ja da kore da shuɗi, dubbai, sun cika wurin kamar an watsa tsakin gero a tabarma.

"Mi ne ne wannan? Ƙyandar ce?"

"A'a, Inna. Mu hayaniya muke ce masa. In wuri ba komai, na kuma matsa wa injin lalle sai ya faɗa mini abin da ke nan, to sai ya shiga kame-kame. Rabi ƙwayar fim ɗin ce, rabi ƙaryar injin."

"To ka ce masa ya bar ƙarya."

Cha'ibu ya yi ƴar dariya, dariyar ta mutu a bakinsa. Ya gyara zama. Abin ya shiga ransa, a gaskiya, don ba aikin da ya fi so irin wanda ya gagara. Ya kashe abin da ke ƙara wa hoto kaifi, ya ce shi ke zuga hayaniyar. Ya kashe mai goge ƙura, ya ce wannan wawa ne, yana ganin tabon man shanu sai ya haɗa da abin da ke kusa ya shafe. Sannan ya sa injin ya bi ta kan fim ɗin sau goma sha shida a jere, ya ce ƙaryar injin kowane zuwa dabam take, in aka haɗa sai ta kashe juna, gaskiyar ta tsaya.

Aikin ya ɗauki lokaci. A zuwa na tara aka ɗauke kuran, wutar lantarki ke nan. Cha'ibu ya zagi kuran da uban kuran, ya fita ya tada gurup, injin ba da wuta, ya faro daga farko. Aka kira azahar, suka yi salla, ita a kusurwar shagon shi a ƙofa. Gajere ya leƙo sau ɗaya, ya nuna mata rana da haɓa, ya koma wajen jakinsa.

Da aka gama, ɗige-ɗigen sun ragu, amma ba su tafi ba. Cha'ibu ya ce hoto mai launi hawa uku ne, kuma shuɗin ya fi kowanne ƙazanta a duhu. Ya zubar da shuɗin. Ya zubar da launin gaba ɗaya, ya bar fari da baƙi. Yanzu akwai wani abu a ƙarƙashin faifan, dunƙule, da wurare biyu da suka fi duhu inda ido ya kamata ya zama. Barira ta karkata kai, ta rufe idon mai yana, ta buɗe. In ta ce ga hanci sai ya watse ya koma tsaki.

"Bari ki ga wata dabara," in ji Cha'ibu. Ya ƙanƙance hoton, ya yi ta ƙanƙancewa har kan yarinyar ya dawo kamar ƙwayar gujiya. Ɗige-ɗigen suka matse suka haɗu. Ya sunkuya, ya gyara gilashinsa.

"Allahu akbar. Ga ta nan, Inna! Ga fuska!"

Barira ta ture kafaɗarsa ta duba. Ta matso, ta ja da baya, ta murje ido da bakin mayafi. Ɗan tabo ta gani, toka-toka, yana rawa. Idonta ba ya ganin ƙaramin abu, shekara uku ke nan jikarta ke zura mata zare a allura. Ya cire gilashinsa ya ɗora mata, duniya ta ƙara dagulewa. Ya ƙara girman hoton kaɗan, ba ta gani ba. Ya ƙara, ba ta gani ba. Daidai inda ya kai girman da idonta ke kamawa, daidai nan fuskar ke fashewa ta koma ɗige-ɗige. Sau biyar suna hawa suna sauka. Wannan wane irin wulaƙanci ne, jama'a? Baƙon da bai taɓa goya ta ba yana ganinta, uwar da ta haife ta tana tsaye a gefensa ba ta gani.

"Faɗa mini abin da kake gani," in ji ta.

"Ta ɗaga kai. Ke take kallo, ba mai hoto ba."

"Sai mi?"

"Kamar tana dariya."

"Kamar?"

Cha'ibu ya sake dubawa. Mutum ne mai tsoron Allah, bai iya ƙarawa ba. "Kamar, Inna."

Ta koma ta zauna. Ta tambaye shi ko dabarunsa sun ƙare. Ya ce saura guda, amma ba ya sonta. Akwai abin da ke kwantar da hayaniya, yana da ma'auni daga sifiri zuwa ɗari. Sai dai ba ya bambance ƙarya da gaskiya, duk ƙaramin abu shafe shi yake, ya cike gurbin da abin da ya ga dama.

"Yi."

Ya ƙara girman hoton ya cika gilashin. Ya ja ma'aunin zuwa talatin, ɗige-ɗigen suka yi laushi. Sittin, suka narke. Ya tsaya. Ta ce ya ci gaba. Ya kai ɗari.

Sai ga fuska. Babba, sumul, kamar bayan sabuwar ƙwarya. Ido biyu, hanci, baki a rufe. Ba gira, ba tabo, ba wushirya, ba ramin kumatu. Ba ta dariya, ba ta kuka. Ɗiyar kowa ce, kuma ba ɗiyar kowa ba.

"Wannan ba ita ce ba, Inna. Injin ne ya ƙera ta. Kada ki daɗe kina kallo."

Ina! Wa zai hana ta? Tun safe take neman fuska a ƙarƙashin faifan nan, ga fuska an ba ta, babba, wadda idonta ke gani ba wahala. Ta zuba mata ido. Ta bi goshin, ta bi kumatun, ta yi ta neman inda Safi za ta leƙo. Cha'ibu ya kai hannu zai kawar, ta riƙe masa hannun riga. Sun fi tsawon dahuwar shayi a haka.

Tausayi ya kama shi. Ya ce, "To Inna, in akwai wata alama a fuskarta, faɗa mini in zana. Na iya. Ko za ta ɗan yi kama."

"Akwai wushirya. Akwai tabo a gira, ɗan maraƙi ya ture ta ta faɗa kan turke."

"Madalla. Wace girar? Dama ko hagu?"

Barira ta buɗe baki. Hagu, ta so ta ce. Amma da hannun dama take shafa tabon, to a gabanta yarinyar ke tsaye ko a tsakanin ƙafafunta take zaune ana kitso? Ta ɗaga hannun dama ta shafa iska. Ta ɗaga na hagu. Ta juya wajen gilashin ko zai taimake ta, gira biyun nan babu ko ɗaya.

"Inna?"

"Bar shi," in ji ta. "Kada ka zana."

Aka kira la'asar. Cha'ibu ya buga mata ƙaramin, wanda shi ya ga fuska a ciki, a takarda iya tafin hannu. Babban kam ya ce ba zai buga ba, ita ma ba ta nema ba. Ya naɗe mata fim ɗin a farar takarda, ya roƙe ta don Allah kada mai ya sake taɓa shi. Ta ce ai ko ta so, ina man yake? Ya rako ta har bakin tasha, yana ta cewa injina na ƙaruwa, wata rana za a yi wanda ya fi nasa. Ta ce Allah ya yi masa albarka. Ba ta tambaye shi wace rana ba.

Amalanke ya fita daga Tasawa ta hanyar Korgom, shanun biyu na biye a ɗaure, suna tafiya suna tangaɗi. A gefen hanya ga mushen dabbobin waɗanda suka riga su wucewa. Barira ta miƙa wa Gajere takardar.

"Idonka sabo ne. Duba mini yayarka. Dariya take?"

Gajere ya karɓa da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da igiyar jaki. An haife shi shekara huɗu bayan an rufe Safi. Ya duba, ya juya takardar wajen rana, ya sake dubawa.

"Ke dai na gane ki, Inna. Nan ƙasa ɗan duhu ne kawai."

Ta karɓe abinta. Ta janyo gorar kaɗa nono daga cikin kaya, ta busa ƙurar da ke bakinta. Ta buɗe jarka ta tsiyaya ruwa kaɗan a ciki.

"Haba Inna, ruwan sha ne fa!"

Ta toshe bakin gorar, ta rungume ta a ƙirji, ta rufe ido, ta kama kaɗawa. Ƙarar ruwa ba irin ta nono ba ce, ta fi kaifi, amma ta ci gaba. Ta kaɗa har kafaɗunta suka yi tsami. Can sai ludayin ya zo. Hannun ya zo, da ƴar riga rawaya. Yarinyar ta ɗago daga bakin ludayin, ta waiwayo.

Fuskar injin ce, sumul, ba gira, baki a rufe.

Barira ta buɗe ido da sauri, ta tofa addu'a, ta sake rufewa ta kaɗa da ƙarfi. Ita ce dai ta sake waiwayowa. Ta gwada na uku. Daga nan ta tsaya, gorar na kan cinyarta.

"Lafiya, Inna?" in ji Gajere.

Ta cire toshin gorar, ta juye ruwan cikin jarka a hankali don kada ko ɗigo ya zube.

"Kora jakin," in ji ta. "Yau yayarka ta rasu."